Zanen barkwancin Faransa da ya addabi sarki da 'yan damfara: tambayoyi da amsoshi

Wai wane irin zane ne ake ta magana a kai?

Zane ne na zambo, irin wanda ake ɗaukar fuskar mutum a ƙara mata hanci ko tumbi ko kumatu har ta ba da dariya amma duk wanda ya kalla ya san wa ake nufi. A Faransa abin ya yi tashe sosai daga 1830 zuwa gaba, lokacin sarki Louis-Philippe, kuma mutum biyu ne sunansu ke fara zuwa baki, Charles Philipon mai jarida da Honoré Daumier mai zane. Philipon ne ya kafa jaridar La Caricature a ƙarshen 1830, mai fitowa mako-mako, sannan a Disamban 1832 ya ƙara da Le Charivari wadda kullum take fitowa da sabon zane guda. Waɗanda suka fi shan duka a hannunsu su ne sarki da ministocinsa da 'yan majalisa da alƙalai da lauyoyi, sai kuma daga baya 'yan damfarar hannun jari, waɗanda a ganina su ne suka ba da zane mafi daɗi a duk tarihin.

Me ya sa sai a wannan lokacin abin ya ɓarke?

Abu biyu ne suka haɗu. Na farko fasahar bugu da dutse, wadda wani Bajamushe Alois Senefelder ya ƙirƙiro a 1796. Kafin nan in kana son buga hoto sai an sassaƙa shi a kan tagulla ko katako, aikin kwanaki ne kuma sai gwani. Da dutsen kuwa mai zane zai ɗau alli mai maiƙo ya zana kai tsaye a kan shimfiɗaɗɗen dutsen farar ƙasa, a jiƙa dutsen da ruwa, a shafa tawada mai maiƙo, tawadar ta kama inda aka yi zane ta ƙi inda ruwa yake, a danna takarda shi kenan, abin da minista ya faɗa ranar Litinin kafin mako ya ƙare an zana shi da kunnen jaki an liƙa a taga.

Na biyu siyasa. A Yulin 1830 mutanen Paris suka yi bore na kwana uku suka kori sarki Charles na 10, aka ɗora Louis-Philippe da alƙawarin cewa shi sarkin talakawa ne, yana yawo da lema a hannu yana gaisawa da mutane, kuma tsarin mulkin da aka gyara ya ce ba za a sake tace jarida ba. Toh ba a jima ba aka gane cewa masu banki da manyan 'yan kasuwa ne suka ci ribar boren. Ƙasa mai mutum sama da miliyan 30 amma masu ikon jefa ƙuri'a wajen dubu ɗari biyu ne kacal, don sai kana biyan harajin faran 200 a shekara kafin ka yi zaɓe. Wanda ya tsaya a bayan shinge ya sha harbi ba shi da ƙuri'a, wanda ya ɓuya a gida yana ƙirga kuɗi shi ne ɗan majalisa. Ka ga ai dole a samu abin zanawa.

Gaskiya ne sun mayar da kan sarki 'ya'yan itace?

Ƙwarai kuwa, kuma a cikin kotu aka yi. A Nuwamban 1831 aka gurfanar da Philipon saboda wani zane da ya nuna sarki a matsayin magini yana shafe alƙawuran Yuli da siminti a jikin bango. Philipon ya ce wa alƙalai, in dai kamanni ne laifi to ba ku da ranar gamawa, ya ɗau takarda ya zana fuska huɗu a jere. Ta farko sarki ne sak da manyan kumatunsa da gashinsa mai tsini a sama, ta biyu ta yi kama da ta farko, ta uku ta yi kama da ta biyu, ta huɗu kuwa ta zama poire, ɗan itacen nan na ƙasashen sanyi mai siririn kai da faffaɗan gindi. Ya ce to ku ɗaure ɗan itacen ma. Alƙalai ba su yi dariya ba, suka ba shi wata shida da tarar faran 2,000.

Amma fa gwamnati ce ta yi asara, don daga ranar duk yaron da ya samu gawayi zai iya zagin sarki da layi biyu a jikin bango ba tare da ya rubuta sunan kowa ba. Har akwai lokacin da kotu ta tilasta wa Le Charivari buga hukuncin da aka yanke mata a shafin farko, a 1834, suka buga shi kalma da kalma ba su rage komai ba, sai dai sun jera rubutun ya fito da siffar ɗan itacen.

Shi Daumier me ya kai shi gidan yari?

Zanen da ake kira Gargantua, na Disamban 1831, yana ɗan shekara 23. Gargantua sunan wani ƙaton ƙato ne mai haɗama a tsohon adabin Faransa. Daumier ya zana sarki zaune a kan kujera da uban tumbi, an jingina dogon katako daga ƙasa zuwa bakinsa, ana karɓar kuɗi daga hannun talakawa masu tsumma ana zubawa a kwanduna ana hawa da su ana juye masa a baki. Kujerar kuma, a yi haƙuri, ta bayan gida ce, abin da ke faɗowa ta ƙarƙashinta takardun naɗin muƙami ne da lambobin girma, manya na ta wawaso suna gudu da su zuwa majalisa. A lokacin ana cikin cece-kucen kuɗin da za a riƙa ba sarki duk shekara, wanda a ƙarshe aka tsayar a faran miliyan 12, alhali lebura a Paris faran biyu zuwa uku yake samu a yini.

A 1832 aka yanke masa wata shida da tarar faran 500, ya fara zaman a kurkukun Sainte-Pélagie. Da ya fito hannunsa ya ƙara nauna. A 1834 ya yi Le Ventre législatif, wato tumbin majalisa, layi-layi na 'yan majalisar gwamnati wasu na gyangyaɗi wasu na fyace hanci wasu na gulma, kowa da fuskarsa ta gaskiya. Dabararsa ita ce yakan fara ƙera kawunansu da yumɓu ƙanana ya yi musu fenti, sai ya riƙa kallo yana zanawa, guda 36 daga cikinsu suna nan a gidan tarihi na Orsay a Paris.

Duka barkwanci ne, ba wanda ba na dariya ba?

Akwai, kuma shi ne ma wanda mutane da yawa ke cewa ya fi kowanne. A Afrilun 1834 an yi tarzoma a Paris, aka ce an harbi soja daga wani gida a titin Transnonain, sojoji suka shiga gida mai lamba 12 suka kashe mutum 12 da ba ruwansu. Daumier ya zana ɗaki ɗaya da safe, magidanci kwance a ƙasa da rigar barci ya danne gawar ƙaramin yaro, gefe ga kan wani tsoho, can cikin duhu ga mace. Bai ƙara wa kowa hanci ba, bai zana soja ko ɗaya ba, take kawai ya sa, sunan titi da kwanan wata. Hukuma ta bi tana kwashe kwafin da ta samu.

To ta yaya 'yan damfara suka shigo labarin?

Nan ne wajen da nake so a tsaya a kalla da kyau. Ranar 28 ga Yulin 1835 wani mai suna Fieschi ya haɗa bakin bindiga 25 a kan katako ɗaya ya sakar wa ayarin sarki wuta a Paris, sarki ya tsira amma mutum 18 suka mutu. Gwamnati ta samu abin da take nema, a Satumba ta kawo dokoki masu tsauri, daga ciki har da cewa ba a buga kowane zane sai jami'i ya gani ya sa hannu. Da aka ce musu ai tsarin mulki ya hana tace jarida sai suka ce rubutu ra'ayi ne amma zane aiki ne, yana magana da ido kai tsaye har ga wanda bai iya karatu ba. La Caricature, wadda dama an ƙwace fitowarta sama da sau ashirin kuma tara ta cinye ta, ta rufe a 1835.

An hana taɓa sarki, an hana taɓa minista. Sai Philipon ya juya ga wani da doka ba ta kare ba, Robert Macaire. Shi wannan ba mutum ne na gaske ba, ɓarawo ne a wani wasan kwaikwayo na 1823, wanda ɗan wasa Frédérick Lemaître ya ɗauka ya mayar da shi ɗan duniya mai daɗin baki, ga tsumma a jiki ga taƙama kamar basarake, da ƙyallen baƙi a ido ɗaya da ƙaton mayafi da ya rufe masa haɓa, da yaronsa Bertrand siriri matsoraci yana binsa a baya. Daga Agustan 1836 zuwa Nuwamban 1838 Le Charivari ta buga zane kusan 100 a kansa, Daumier na zanawa Philipon na rubuta maganar da ke ƙasa.

A kowane zane Macaire da sabuwar sana'a. Yau mai banki, gobe lauya, jibi likita mai duba marasa lafiya kyauta amma sai ka sayi kwalbar maganinsa da tsada, gata ɗan jarida, dillalin aure, mai gidauniyar taimakon talakawa, ɗan takara. A na farkon yake gaya wa Bertrand cewa su kafa banki da jarin da baki ba zai iya ƙirgawa ba su durƙusar da kowa har da Babban Bankin Faransa, Bertrand ya ce to 'yan sanda fa? Macaire ya ce kai wawa ne, ana kama miloniya ne? A wani kuma can gaba yake cewa zamanin kamfanonin bogi zai wuce amma wawaye ba sa ƙarewa, gara su kafa addini. Mai tace zane zai duba ya ga ba sarki ba minista, ya sa hannu, mai karatu kuwa ya san sarai cewa mutumin da ke cikin zanen shi ne irin wanda gwamnatin ta ɗaure wa gindi. Karl Marx ma da ya zo rubutu kan wannan mulki cewa ya yi kamfanin hannun jari ne na tatsar dukiyar Faransa, daraktansa kuma Louis-Philippe, Robert Macaire a kan gadon sarauta.

Da gaske ana irin wannan damfarar a lokacin ko ƙari ne na masu zane?

Ana yi sosai. A dokar kasuwancin Faransa ta lokacin, in za ka kafa babban kamfani irin wanda kowa asararsa ta tsaya kan abin da ya zuba, sai gwamnati ta bincika ta ba ka izini, abin da ke ɗaukar lokaci. Amma akwai wani nau'i da ake kira commandite, inda manaja ke riƙe da komai masu zuba kuɗi kuma ba su da ta cewa, shi wannan ba ya buƙatar izinin kowa kuma ana iya sayar da hannun jarinsa ga jama'a. Tsakanin 1836 da 1838 aka yi ta kafa su kamar me, na haƙar kwal, na kwalta, na jarida, na duk abin da ka sani. Mai kafawa zai kawo wani rami ko wata takardar ƙirƙira ya ce darajarta miliyan kaza, ya karɓi hannun jari a madadinta, ya biya jaridu su yi ta talla (daidai lokacin ne jaridu masu araha irin La Presse ta Émile de Girardin suka fara rayuwa da kuɗin talla), ya ɗebi kuɗin sabbin shiga ya raba wa na farko a matsayin riba, farashi ya tashi, ya sayar da nasa ya ɓace. Wanda ya ga abin da MMM ta yi wa mutane a Najeriya a Disamban 2016 ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Kuma ba ƙananan ɓarayi kaɗai ba. A 1847 aka kama tsohon minista Jean-Baptiste Teste da laifin karɓar cin hancin faran 94,000 don ba da izinin haƙar gishiri, aka ɗaure shi. Shekara ɗaya bayan nan, a Fabrairun 1848, aka kori sarkin kansa ya tsere Ingila da sunan Mista Smith.

Shi wanda ake damfara fa, ana tausaya masa a zanen?

Ko kaɗan, kuma wannan na cikin abin da ke burge ni. Suna da wani mai suna Monsieur Gogo, shi ne mai sayen hannun jari na har abada, ɗan tumbi da shi da lema da jakar kuɗi, duk abin da aka gaya masa sai ya gyaɗa kai. In ya tashi a taron masu hannun jari ya tambayi ina riba sai sauran su yi masa ihu su kore shi waje don yana ɓata wa kamfani suna. Daumier bai nuna shi a matsayin bawan Allah da aka zalunta ba, kwaɗayi ne ya kawo shi, yana son ribar da shi ma ya san ba daga gumi take fitowa ba.

Kafin Daumier ba a taɓa yi ba?

An yi. A 1720 tsarin John Law, ɗan Sikotilan da ya riƙe kuɗin Faransa, ya rushe, bayan mutane sun yi ta turereniya a titin Quincampoix suna sayen hannun jarin kamfanin Mississippi. Sai dai mafi yawan zanen zambon wancan rikici a Holan aka buga, don a Paris ta lokacin ba wasa ba ne.

Bayan Macaire an samu wasu manyan badaƙala da masu zane suka ci kasuwa a kai?

Uku dai ba a mantawa da su. Kamfanin haƙa mashigin Panama na Ferdinand de Lesseps ya durƙushe a 1889 da kuɗin ɗaruruwan dubban ƙananan masu ajiya, a 1892 kuma ta fito cewa an raba wa 'yan siyasa kuɗi don majalisa ta amince wa kamfanin ya ci wani bashi, ana maganar 'yan majalisa sama da 100. Aka yi ta zana su da cek a hannu ko a aljihu.

Sai Thérèse Humbert, wadda ta kusa shekara 20 tana cin bashin miliyoyi a Paris da sunan wai wani attajirin Amurka mai suna Crawford ya bar mata gadon faran miliyan 100 a cikin akwatin ƙarfe, amma shari'a da 'yan uwansa ta hana a buɗe. Babu Crawford, babu 'yan uwan, ita da danginta ne ke shigar da ƙarar kansu. Surukinta tsohon ministan shari'a ne, shi ya sa ba mai tambaya. A 1902 kotu ta sa aka buɗe akwatin aka tarar ba dukiya ba dalilinta, katunan zambo suka cika gari, aka ba ta shekara biyar.

Na uku Alexandre Stavisky, da ya sayar da takardun bashi na bogi ta hanyar ofishin jingina na garin Bayonne, yana da abokai a majalisa da 'yan sanda, an ɗage shari'arsa sau da yawa. A Janairun 1934 aka same shi da harsashi a ka a Chamonix, 'yan sanda suka ce shi ya harbe kansa, jaridar barkwanci Le Canard enchaîné ta buga cewa Stavisky ya kashe kansa da harsashin da aka harba masa daga kusa. Gwamnati ta faɗi, ranar 6 ga Fabrairu aka yi mummunar tarzoma a gaban majalisa.

Zanen ya taɓa hana damfarar ko ya gyara 'yan siyasa?

A'a gaskiya. Duba jerin shekarun da kanka, Macaire 1836, Panama 1889, Humbert 1902, Stavisky 1934, jikokin waɗanda suka yi dariyar Monsieur Gogo su ne suka kai kuɗinsu Panama. Philipon da Daumier ma sun san haka, akwai zanen da Macaire ke kallon titi cike da masu kwaikwayonsa yana cewa abin alfahari ne samun ɗalibai da yawa haka amma fa sun ɓata kasuwa. Abin da zanen ya iya shi ne cire wa mai mulki kwarjini. Le Charivari kwafi dubbai kaɗan take bugawa, kuɗinta ya fi ƙarfin lebura, amma ana karanta ta a gidajen shan gahawa da ɗakunan karatu na haya, kuma shagon Aubert da ke buga zanen yana liƙa su a tagarsa a lungun Véro-Dodat, jama'a su yi cincirindo suna kallo kyauta. Shi ya sa gwamnatoci suka fi tsoron zane a kan rubutu, tacewar da aka cire a 1848 ta dawo a 1852 ƙarƙashin Louis-Napoléon, ba a rabu da ita ba sai da dokar 'yancin jarida ta 29 ga Yulin 1881. Mai zane André Gill har siffa ya ba ta a 1874, tsohuwa Madame Anastasie da ƙaton almakashi a hammata.

Wannan ba shi ne asalin jaridun barkwancin Faransa na yanzu irin su Charlie Hebdo ba?

Ta fuskar sana'a daga gida ɗaya suka fito, ba a musun wannan, kuma mutanen Damagaram da Yamai ba su manta da tarzomar da ta ɓarke kan zanen Annabi da jaridar ta buga a Janairun 2015 ba. Amma ni ba na sa su a kwando ɗaya. Philipon da Daumier sama suke jifa, wanda ke da soja da kotu da baitulmali shi suke zana, kuma sun biya da zaman kurkuku. Taɓa abin da talaka ɗan ci-rani yake girmamawa fiye da ransa wani abu ne daban. Kuma tun a wancan zamanin alƙalamin yana da mummunan gefe, lokacin Panama jaridar La Libre Parole ta Édouard Drumont ta fake da cewa biyu daga dillalan cin hancin Yahudawa ne ta yi ta zana Yahudawa gaba ɗaya a matsayin ɓarayi, abin da ya share fagen zaluncin da aka yi wa Kyaftin Dreyfus, hafsan soja Bayahude da aka yi wa ƙazafin cin amanar ƙasa, daga 1894. Yadda jaridun barkwancin Faransa da yawa suka riƙa zana baƙar fata a zamanin mulkin mallaka ma ba abin nunawa ba ne.

Daumier ya yi kuɗi da aikin?

Ina fa. Ya yi zanen dutse kusan 4,000, har da jerin nan na lauyoyi da alƙalai, Les Gens de justice, da ake ratayawa a ofisoshin lauyoyi har yau, amma ya tsufa ido ya kusa mutuwa aljihu ba komai. Abokinsa mai zane Corot ne ya taimaka masa da gidan da ya zauna a ƙauyen Valmondois, inda ya rasu a 1879.

A ina mutum zai kalle su, kuma in an ce ana sayar da na asali ya za a gane?

Kallo kyauta ne a intanet. Gallica, shafin babban ɗakin karatun Faransa, yana da tsofaffin fitowar Le Charivari, gidan tarihi na Metropolitan a New York ya sa nasa da yawa, akwai kuma Daumier Register da ya jera ayyukansa ɗaya bayan ɗaya. Rubuta Daumier Robert Macaire kawai za su fito. In ba ka jin Faransanci ka nemi waɗanda aka fassara maganar ƙasan, don rabin dariyar a can take.

Saye kuwa, na asali iri biyu ne. Akwai wanda aka yanko daga jaridar, takardarsa siririya ce kuma in ka juya bayanta za ka ga rubutun jarida, wani lokaci har yana lekowa ta gaba, wannan shi ya fi yawa kuma ya fi araha don dubbai aka buga. Akwai wanda aka buga daban a farar takarda mai kauri bayanta ba komai, wani da launi da aka shafa da hannu, shi ya fi tsada kuma shi aka fi yin jabunsa. Daumier yakan sa h.D. a kusurwa, amma wannan a jikin dutsen yake don haka kowane kwafi na zamani ma zai fito da shi. Ka sa madubin ƙara girma, bugun dutse yana da ɓarɓashi kamar na alli wanda ba shi da tsari, na injin zamani kuwa ɗige-ɗige ne a jere. Ka kuma tambayi mai sayarwa lambar Delteil ta zanen, wato lambar da Loys Delteil ya ba kowanne a kundinsa, ka duba ta ka gwada girman da aka rubuta da na takardar da ke hannunka.